Malam Bai Sauko Ba

Ruwan Godiya, watan Muharram

Zuwa ga ɗana Sha'ibu, ma'aikaci a filin jirgi na Kano. Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Ni ce goggonka Hajaratu, Malam Salihu na bakin kasuwa ke rubuta mani.

Bayan gaisuwa, alhazai sun dawo, maigidana Malam bai dawo ba. Alhaji Bilya na Tafoki da suka hau jirgi tare ya ce sun rabu a Mina cikin turmutsutsu. Wani kuma ya ce kamar ya gan shi a Jidda shina tari. Kamar, ya ce.

Mutane na ta ba ni haƙuri, wai uban Malam ma da ya tafi da ƙafa sai da ya shekara bakwai ya dawo da gemu fari. Na ce wancan ƙafa ce. Wanga ya sayar da shanunshi ya biya jirgi zuwa da dawowa don kada ya daɗe.

Babanka ya ce aikinka ƙidayar masu shiga jirgi ne. To na san ƙidayar gwamnati. In an zo haraji har ƙofar gida ake zuwa a rubuta sunan mutum, jangali kuma ko maraƙi ba ya ɓuya. Ka duba mani, ya sauko ko bai sauko ba. Allah shi yi maka albarka.

Kano, Satumba 1956

Zuwa ga Goggo, bayan gaisuwa ta girmamawa. Na ga takardarki, hankalina ya tashi ƙwarai.

Goggo, aikinmu ba irin na haraji ba ne. Kamfanonin jirage ne ke aiko mana da jimilla: mutum nawa suka ɗauka, kuɗi nawa suka samu, nawa suka kashe a mai da gyara. Mu haɗa mu tura Ikko, daga can a tura ƙasar waje inda ake tara lissafin jiragen duniya. Babu suna ko ɗaya a ciki.

Na je wurin dillalin da ya yanka wa Baba Malam tikiti, na tarar ya rufe shago tun da aka gama jigilar alhazai. Abin da na iya gani shi ne waɗanda suka dawo ba su kai waɗanda suka tafi ba. Wasu kan zauna a Makka, wasu kan biyo ta Sudan a mota, wasu kuma Allah ya yi musu rasuwa. Ba a rarrabe su. Ki ƙara haƙuri. Ɗanki, Sha'ibu.

Ruwan Godiya, bayan an yanke dawa

Sha'ibu, ina gaishe ka. An karanta mani takardarka, na sa an sake.

Ban gane ba. A ƙidaya mutum ba a tambayi sunanshi ba? To mi za a yi da ƙidayar? Su mutanen ƙasar wajen, in an kai masu, wa suke nema a ciki?

Ka ji halin da nike. Na je wurin liman na ce in shiga takaba. Ya ce ba a takaba sai da shaidar mutuwa. Zailani ƙanen Malam ya tafi Faskari wurin alƙali, alƙalin ma haka ya ce. Rumbun Malam na nan a liƙe yadda ya bar shi, don tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa buɗe shi ba, shi ke hawa ya ɗebo mani. Zailani ya ce bai taɓa rumbun mai rai, bai kuma raba na wanda ba a ce ya mutu ba. Talatu maƙwabciyata ke sammani tsaba. Rannan ta ce, Goggo, ke dai ba amarya ba, ba gwauruwa ba. Muka yi dariya, da ta fita na zauna.

Ranar da Malam zai tafi ina ta faɗa kan ya manta bargonshi. Abin da na sallame shi da shi ke nan, faɗan bargo.

Tunda ka ce waɗanda suka dawo ba su cika ba, Malam na cikin waɗanda ba su cika ɗin. Ka roƙi Baturen ofishinku shi rubuta haka, shi buga hatimi, in kai ma alƙali. Ka gaida Suwaibatu da yara.

Kano, Janairu 1957

Goggo, ina gaisuwa. Na yi jinkiri ne don na rasa yadda zan faɗa miki.

Na kai wa Baturen maganar. Ya saurare ni, bai yi faɗa ba. Ya ce wannan giɓin ba namu ba ne. Kuɗin zuwa da dawowa duk sun shiga hannun kamfani, an rubuta su, lissafi ya daidaita, har an tura. A takardar da ta tafi babu abin da ya ɓace. Ya ce ba zai sa hatimi a kan mutumin da bai san ya tafi ba.

Ni na haɗa lissafin watan da hannuna, Goggo. Zan roƙi maniyyatan bana su cigita a can. Iyakar abin da nake da shi ke nan. Ki yafe mini.

Ruwan Godiya, watan Safar

Sha'ibu, na gaishe ka. Ba ka yi mani komi ba.

Alhazan bana ma sun dawo, ba wanda ya ji ɗuriyarshi. Alƙali ya ce a jira shekara huɗu. Ni na san jikina, ba shekara huɗu a cikinshi. Kada ka ƙara tambayar kowa, kada aikinka ya lalace.

In na idar da salla na ɗaga hannu, ban san wace addu'a zan yi mashi ba, ta matafiyi ko ta mamaci. Sai in daɗe a haka, in shafa.

Goggonka, Hajaratu.