Rasuwar Malama Don-Me da Korar Ɗalibarta

Cikin alhini, da ɓacin ran da ba mu ga dalilin ɓoye shi ba, Ƙungiyar Mata Malaman Lissafi ta samu labarin rasuwar uwarmu kuma yayarmu, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa wannan ƙungiya, wadda ɗalibanta suka laƙaba wa suna Malama Don-Me, bayan jinyar da ta yi a gidanta. Haka nan mun samu labarin korar wata ɗalibarta daga makaranta ana dab da jarrabawar fita firamare, kuma mun ga bai kamata mu yi ta'aziyyar ɗaya mu kama bakinmu kan ɗayar ba.

Marigayiya ta shafe fiye da shekara ashirin tana koyar da 'yan aji shida, kuma duk wanda ya zauna a ajinta ya san halinta. Kullum sai ta dasa kuskure guda a allo da gangan, ta rubuta bakwai sau takwas hamsin da huɗu, sannan ta koma gefe tana kaɗe ƙurar alli daga hannunta tana jira. Duk yaron da ya ɗaga hannu ya ce bai gane ba, shi take miƙa wa allin. Takan gaya wa sababbin malamai cewa yaron da ke gyaɗa kai ya fi ba ta tsoro a kan mai kuka. Har yanzu muna tuna wani kafinta da ya kawo ƙarar ɗansa, wai yaron ya hana shi yanka katako sai ya faɗi dalilin awon. Ta ba shi kujera ta tambaye shi dalilin, ya tafi gida yana dariya.

A farkon wannan shekarar karatu ne mai girma Babban Sufeton Makarantu ya karrama ajinta da ziyara daga bakin ƙofa. Ya hango hamsin da huɗu a allo, ya ji yara suna musu da malamarsu, ya juya kafin a miƙa wa kowa alli, ya yanke hukuncin cewa malamar ba ta iya lissafi ba kuma ba ta iya riƙe aji ba. Mai girma Shugaban Makaranta, wanda 'ya'yan cikinsa suka koyi lissafi a hannunta ta wannan hanyar, bai kare ta ba. Aka mayar da ita ɗakin ajiya, tsakanin karyayyun bencina, tana raba alli da tsumman goge allo. A can yara suka riƙa binta lokacin hutun tara, suna tsugunne a bakin ƙofa da littattafansu.

Ranar Litinin da ta wuce, a taron safe, mai girma Shugaban ya sa aka yi shiru na minti ɗaya don girmama ta, sannan ya kira ta ginshiƙin makaranta da ba za a sake samun irinta ba. Autar ajin marigayiya, 'yar mai gyaran keke, ta ɗaga hannu kamar yadda aka koya mata, ta jira aka ba ta izini, ta ce, "Malam, in ta iya haka, don me aka cire ta daga ajinmu?" Amsar da ta samu ita ce a tattara mata jakarta, bisa laifin rashin ladabi. Mun duba tambayar sama da ƙasa, mu da aikinmu ke nan, ba mu ga inda ta kauce ba.

Saboda haka ƙungiya tana kira ga mai girma Shugaban da Hukumar Gudanarwar makarantar da su mayar da yarinyar ajinta kafin jarrabawa. Muna kuma sanar da su, da izinin iyalan, abin da ya sa aka dawo musu da babban hoton marigayiya mai gilashi da suka aika gidan makoki. Maigidanta, dattijon da bai saba ɗaga murya ba, ya yi godiya, ya ce zai karɓa ranar da yarinyar ta kawo masa da hannunta, sanye da kayan makaranta.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga maigidanta, 'ya'yanta, jikokinta da ɗalibanta. Allah Ya jiƙanta, Ya haskaka makwancinta, Ya ba iyalanta juriyar wannan rashi. Mu da Ya bari da alli a hannu, Allah Ya ba mu haƙurin sauraron yaro har ya kai ƙarshen tambayarsa.

Sa hannu,
Maman Tagwaye,
Sakatariyar Yaɗa Labarai,
Ƙungiyar Mata Malaman Lissafi.