Kun Share Kangon Babanmu, Amma Me Ya Sa Ni Kaɗai Kuka Ci Tara?

Zuwa ga Shugaban 'Yan Duba-gari na shiyyarmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka, ni ce matar Damba da yaranka suka miƙa wa takardar tara a ƙarshen damina, kan filin da ke manne da katangar gidana. Na biya, kuma ba neman a maido mini nake ba. Godiya na zo yi, sai dai akwai ƙorafi a bayanta.

Ranka ya daɗe, filin nan ba nawa ba ne. Na marigayi mahaifinmu ne, kuma tun rasuwarsa ba a raba gado ba. Yayanmu yana noma a Furfuri, ƙanenmu yana kasuwanci a Bilbis, ni ce aure ya ajiye a gefen filin. Wanda bai san gidan gado ba zai ce ƙazanta ce ta hana ni nome shi. Wallahi ba ita ba ce. A wurinmu, duk wanda ya fara sa fartanya a filin da ba a raba ba, to ya fara cinye shi ke nan a idon sauran. Na taɓa gwadawa, na sa aka sassabe gefen katanga kawai. Kafin ciyawar ta bushe saƙon Yaya ya iso: "Wa yab ba ki hilin ga da za ki sa mashi hauya?" Tun daga ranar ya daina taka gidana, ko da Sallah.

Sai na naɗe hannu, ciyawa ta yi ta girma har ta fi ni tsawo. Sauro ya mai da gidana gidansa. 'Yan shaye-shaye suka sami mafaka. Ranar da ɗiyata ta shiga kewaye da hantsi ta iske kububuwa naɗe a bayan buta, na zauna na yi kuka, don na rasa wanda zan kai wa ƙara. In nome, in rasa ɗan'uwa. In bari, wata rana in rasa ɗiya.

Ana haka yaranka suka zo da adduna, suka kwantar da ciyawar nan kaf, suka kwashe. Na tsaya a ƙofa ina kallon ƙasar filin da na manta kalarta. Ban taɓa zaton zan yi murnar ganin duba-gari ba, amma ranar har ruwan sanyi na aika musu.

Yanzu ga ƙorafin.

Na farko, babu wanda ya yi mana gargaɗi. Da an aiko takarda tun farko, da na sami abin da zan nuna wa 'yan'uwana cewa umarnin hukuma ne, ba kwaɗayina ba.

Na biyu, ni kaɗai aka ɗora wa kuɗin aikin, don kawai ƙofata ce ta fi kusa. Na yi bayanin cewa filin magada ne, wanda ya kawo takardar tarar ya ce shi bai san wannan ba, in biya ko mu haɗu a kotu. A gaban maƙwabta ya faɗa, da ƙarfi. Tunkiyar da nake kiwo na sayar. Mai unguwa yana nan kusa, ya san kowane magaji da inda yake zaune, amma ba a tambaye shi ba.

Na uku, kuma shi ya fi ci mini rai: layin bini-da-zugu da Baba ya dasa da hannunsa don shaidar iyaka, shi ma an sare shi a matsayin ciyawa. Da maƙwabcinmu ba mai tsoron Allah ba ne, da yanzu muna gaban alƙali kan taku biyu na ƙasa.

Duk da haka, abin da na kasa yi shekaru, takardarka ta yi shi a mako guda. Da jita-jita ta kai Furfuri da Bilbis cewa hukuma za ta ƙwace filin, sai ga su duka biyu a ƙofata, ba wanda ya aika musu kuɗin mota. Aka kira malami, aka auna, aka raba. Kowa ya maido mini da kasonsa na tarar. Yaya ya zauna a tabarmata ya ci tuwona, har ya nemi ƙari. Da zai tafi ya tsaya a zaure ya ce, "Ashe haka kika zamna da ɗiyan ga?" Na raka shi har bakin hanya.

Roƙona shi ne ku riƙa gargaɗi kafin aiki, ku bi ta hannun mai unguwa, ku tambayi iyaka kafin ku ɗaga adda, kuma in fili na gado ne, a rubuta wa kowane magaji tasa takardar. Kangaye irin namu sun cika Damba, kuma a gefen kowanne akwai wata da aka bar wa macizai, tana tsoron yin magana. Ita ce ta fi kowa buƙatar zuwanku, kada kuma ta zama ita kuke hukuntawa.

Allah Ya yi maka jagora, Ya ba ka ikon yin adalci, Ya tsare ma'aikatanka daga abin da ke cikin ciyawa.

Wassalam.

Wata mazauniyar Damba, Gusau.