Gonata ta ɓace a cikin bini da zugu

Hajiya Zulfa, don girman Allah ki agaza mini da shawara.

Ni 'yar wani ƙauye ce kusa da Dutsi, aure ya kawo ni Daura. Da mahaifinmu ya rasu aka raba gona tsakanina da yayana Mainasara, dattawa suka dasa bini da zugu a kan iyaka kamar yadda ake yi a wajenmu, tunda ko akuya ba ta cinsa. Da geron gonar nan nake riƙe 'ya'yana, don maigidana ya daɗe a kwance.

Bana wani kamfani ya zo, wai za a riƙa tatsar man mota daga 'ya'yan bini da zugu, wai talauci ya ƙare. Ina ji a rediyo ina dariya, ashe abin a kaina zai ƙare. Da aka yi ruwan shuka na tafi da irina, na tsaya na kasa gane gonata. Yaya ya sassare shingen, ya tone shi har saiwa, ya yanyanka rassan ya dashe filin gaba ɗaya, nasa da nawa. Innalillahi! Duk inda na waiga itacen iyaka ne, iyakar kuwa babu ita. Nan na zauna a ƙasa. Da na same shi, wai gata ya yi mini, in an fara saye zan gode masa. Mutumin nan shi ya goya ni, shi ya aurar da ni. Maƙwabta sun ce in kai shi kotun shari'a. In kai? Ga damina ba ta jiran kowa.

Mai Kukan Zuci, Daura

Ƙanwata, ni ma sai da na ajiye wasiƙarki na yi salati. Ban ga alamar mai cin gado a yayanki ba, zumuɗi ne ya kwashe shi. Amma gata ba ya halatta taɓa haƙƙin wani ba da izininsa ba. Man nan ba ƙarya ba ne, ana yinsa, sai dai itacen kan ɗauki shekaru kafin ya yi 'ya'yan kirki, kuma ban ji kamfanin ya ce zai ciyar da yaranki kafin nan ba.

Kada ki fara da kotu. Gobe-goben nan ki je wurin maigari a kira dattawan da suka yi rabon, tun ramukan saiwar ba su cike ba, don ruwa biyu ya isa ya shafe su. A kafa duwatsu, a rubuta. A cire dashen da ke ɓangarenki, a bar layi ɗaya a gefe, in kasuwar ta buɗe kina ciki. Ki shuka geronki, in lokaci ya ƙure ki sa wake. In Yaya ya ƙi, alƙali yana nan, kuma ba ke kika yanke zumunci ba.

Allah ya ba maigidanki lafiya, ya sa bana ki cika rumbu daga gonarki.