Ƙafar Isyaku da Kujerar Sikeli

Hajiya, ki taimake ni, kaina ya ɗaure. Mijina Isyaku ya yi shekara tara yana dako a wani kamfanin robobi a Sharaɗa, bara aka mayar da shi kujerar kula da sikelin auna motoci. Yanzu wuni yake a zaune. Ya yi ƙiba har da tumbi, ni kuwa daɗi nake ji, ina ƙara masa tuwo. Wuyansa ya yi baƙi, na dirza da soso har na gaji.

Sati biyu ke nan ƙafarsa ta hagu ta kumbura, ga zafi. Likita ya ce jini ne ya daskare a jijiya, wai ƙiba da sukarin da ke neman kama shi suka hana jikinsa narkar da gudan jinin. Ni fa ban yarda ba. Ƙiba ai jiki duka take, me ya sa ƙafa ɗaya? Akwai abokin aikinsa da ya so kujerar nan, har yau ba ya amsa masa sallama. Zuciyata ta ba ni wani abu aka binne masa ya taka. Likitan ma na kamfani ne, wa ya sani ko hanyar korarsa ake nema? Na ɓoye ƙwayoyin da ya ba shi, ina gasa ƙafar ina murzawa, jibi wanzami zai zo ya yi masa ƙaho.

Mai Zargi, Zawaciki

'Yar'uwa, tsoronki na so ne, na gani. Amma ki daina murza ƙafar nan yau, ki sallami wanzami. Gudan yana iya ɓallewa ya tafi huhu, mutum ya faɗi nan take.

Allah ya yi wa jiki hanyar narkar da gudan jini. Kitsen ciki da jikin da ya daina jin insulin, sinadarin da ke saita sukari, suna rage ƙarfinta. Dogon zama ya ƙara. Baƙin wuyan nan ba dauɗa ba ce, alamar rashin jin insulin ɗin ce. Kuma ciwon galibi ƙafa ɗaya yake kamawa.

In ba ki amince da likitan kamfani ba, haƙƙinki ne. Ki kai shi wani asibitin yau, ki faɗi kwanakin da ya yi bai sha magani ba. In numfashi ya yi masa wuya ko ƙirji ya soke shi, ku ruga. Addu'a kuwa ki ci gaba, a rage tuwo.

Abokin aikin nan ba ki da hujja a kansa. Abin da muka tabbatar ɗaya ne: ƙwayoyin Isyaku a hannunki suke. Ki fito da su. Allah ya ba shi lafiya, ya kwantar miki da hankali.