Hannun Inna Ba Ya Dambe

Yaya,

Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya, da matarka da yara. Lafiyar hannunka kam ba sai na tambaya ba, na riga na sani.

Tabarau ɗin da na aiko, mai nuna wa mutum wata duniya in ya sa, domin Inna na aiko shi, ta riƙa motsa hannunta da ya shanye. Ka manta na ce duk motsin da aka yi da tabarau ɗin, nan take likitan wurin aikinmu yake gani ta intanet?

Jiya ya kira ni a gaban abokan aiki. Wai tsohuwa mai shekara saba'in ta yi wasan damben cikin tabarau awa uku, da hannun da ko cokali ba ya riƙewa! Na ji kamar in nutse don kunya.

Ni lafiya lau, sai dai ƙafafuna da ke kumbura wajen jinyar iyayen wasu.

Allah ya ba Inna lafiya. Gobe ka sa mata tabarau ɗinta. In na sake ganin naushi ɗaya, na gaba daga hannuna za ka sha shi.

Ƙanwarka