Basiru Ya Ƙi Waiwaye

Makoda, 9 ga Yuli, 1984

Yaya Huseina,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, ya Malam da yara, ya aikin asibiti?

Ƙarar ƙanenki na kawo. Yau sati bakwai da tirela ta bugi motarsu ta baya a hanyar Kano, amma abin soson nan da kuka ɗaura masa a wuya yana nan daram. Da shi yake kwana, da shi yake salla, in zai yi sallama sai ya juya gaba ɗaya kamar buhun gyaɗa. Abin ya yi baƙi, ya fara wari, ƙuraje sun feso a ƙarƙashi. Na ce ya ba ni in wanke, ya yi mini wani irin kallo, na ƙyale shi.

Kin san bara fari ya cinye mana komai, rumbu ko dami babu. Bana an sami ruwa, gero ya fito, amma ciyawa ta fi shi tsawo. Kowa ya gama noman fari, gonarmu kaɗai ake nunawa da baki. Ni da ciki wata takwas ina zan iya da fartanya? Mai ɗori ya ce a kawo shi ya ja wuyan, na hana. Wallahi tsoro nake ji, Yaya.

A huta lafiya. Taki,
Lauratu

Ungogo, 13 ga Yuli

Basiru,

Bayan sallama, raina a ɓace yake. A gabanka likita ya ce hoto bai nuna karaya ba, jijiyoyi ne suka ja da kanka ya fizgu baya ya dawo gaba. Kwana biyar ya ce ka sa abin, ba wata biyu ba. Barinsa shi ke sandarar da wuyan. Ka cire, ka riƙa gasawa da tsumma da ruwan ɗumi, kana juya kai dama da hagu a hankali safe da yamma. Kada kowa ya ja maka shi. Ragonci ba halinka ba ne, me ke damunka?

Yayarka,
Huseina

Makoda, 18 ga Yuli

Yaya,

Ina gaishe ki. Ba ragonci ba ne. Abin da zan faɗa ko Lauratu ba ta sani ba.

Kin tuna Muntaka mai awon hatsi, wanda ya rasu a hatsarin? Ana cewa nan take ya cika. Ba haka aka yi ba. Da ƙafarsa ya fito, ya zauna a bakin titi riƙe da ƙeyarsa, ba ko ɗigon jini. Ina bayansa. Na ga hularsa a ƙasa, na ce, "Muntaka, ga hularka." Ya waiwayo. Sai ya sulale, bai ƙara motsi ba.

Duk sanda na kai hannu zan kwance abin nan sai in ga fuskarsa tana juyowa. Ko ta'aziyya ban iya zuwa ba.

Ki sa ni a addu'a.
Basiru

Ungogo, 21 ga Yuli

Ƙanena,

Na karanta, na yi kuka. Ba zan yi maka ƙarya ba, ban sani ba ko waiwayen ne ko da ma ƙashin wuyansa ya riga ya gama karyewa. Allah ne masani. Amma naka hoton da idona na gani, wuyanka bai karye ba. Matarka ta kusa sauka, kuma gidanku ba hatsi. Ka cire shi, Basiru.

Allah ya ji ƙan Muntaka.
Huseina

Makoda, 29 ga Yuli

Yaya,

Na cire ranar Talata. Da ciwo, amma dama tana juyuwa, hagu da saura. Na nome kunya goma sha ɗaya jiya. Ɓangaren gabas ciyawa ta riga ta kashe shi.

Ranar Juma'a zan je wurin mahaifiyar Muntaka. An ce duk wanda ya shiga gaisuwa sai ta gode wa Allah da ɗanta bai ko san abin da ya same shi ba. Ban san me zan ce mata ba.

Wassalam,
Basiru