Na Bar Layin Baba Ya Mutu, Inna Tana Ta Yi Wa Wayar Caji

Assalamu alaikum Anti mai shafi, da ku masu karatu, ina gaishe ku duka. Don Allah a sakaya sunana. Wanda kuma bakinsa ke ƙaiƙayin zagi ya daure ya kai ƙarshe tukuna. Ba tsoron zagin nake ba, a yadda nake yanzu ko an yi ba zai shiga jikina ba. Shawara nake nema.

Ni mace ce, a Anacha aka haife ni, nan na yi aure, nan nake zaune. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, albasa da busasshen barkono yake sayarwa a kasuwar Ochanja tun kafin a san za a haife mu. Mu biyu ne wurin Inna, ni da yayana, zan kira shi Yaya Habu duk da ba sunansa ke nan ba. Shekara tara ke nan rabonmu da shi. Wata motar albasa ce ta ruɓe a hannunsa saboda sakaci, Baba ya mare shi a gaban 'yan kasuwa, yana da gemunsa. Yaya Habu ya ajiye makullin shago da wayarsa a kan benci ya fita, shi ke nan. Sau ɗaya wani direban tirela ya ce ya hango shi a Mile 2 Diobu a Fatakwal, Baba ya je ya yi kwana shida yana bin masallatai da mahauta, ya dawo shi kaɗai.

To Baba yana da wani layin waya tsoho, irin wanda ba a sa masa kati, sai dai ƙarshen wata kamfani ya cire kuɗinsa, ko ka yi kira ko ba ka yi ba. Lambar tana rubuce da jan fenti a ƙofar shago, kuma ita kaɗai Yaya Habu ya haddace, don shi ke karanta wa masu sari ita tun yana saurayi. Baba bai taɓa cewa ya yi nadama ba, ba halinsa ba ne. Abin da kawai yake cewa shi ne, "Lambar nan kada a kuskura a taɓa ta. Duk ranar da zuciyarsa ta sauka, nan zai nema." Ko masallaci zai shiga sai ya miƙa wa wani wayar ya riƙe masa a waje.

Ni ce 'yar bokon gidan, duk wata takarda da shiga ofis a wuyana suke. Lokacin da aka matsa a haɗa layuka da katin ɗan ƙasa, Baba ya ce shi ba zai je ya yi layi a rana ana ɗaukar hotonsa ba, sai aka mayar da layin sunana, ana cirewa ta asusuna. Da ciwo ya kwantar da shi, ga asibiti ga magani, sai na fara jin haushin layin. Mutumin da ba ya kiran kowa, waya tana kwance gefen filo, amma duk wata sai an zare kuɗi kamar mai kamfani? Na ga ai wauta ce. Ni da nake ganin na fi kowa wayo a gidan, na hau okada na tafi ofishinsu ba tare da na gaya wa kowa ba, na ce a mayar da shi layin kati. Lamba ɗaya, sim ɗaya, wa zai gane? Yarinyar da ke kan tebur ta ce min, "Madam, ki tabbata ana amfani da shi fa, in ya daɗe a ajiye za a karɓe lambar." Wallahi ta faɗa, ba zan yi mata ƙarya ba. Na gyaɗa kai ina kallon agogo, hankalina yana kan miyar da na bari a wuta.

Wata uku bayan haka Baba ya rasu. Ana gama addu'ar uku, Kawu, ƙanin Baba da ke can gida Arewa, ya ce duk abin da mamaci ya bari a tattara a kulle, ko allura kada a taɓa sai ya dawo an yi rabon gado, don kada wani ya ci haƙƙin wani. Aka sa riguna da agogo da takardun shago a akwatin ƙarfe. Da aka zo kan waya, Inna ta riƙe ta da hannu biyu ta ce, "Malam, wannan fa? In Habu ya kira?" Kawu ya ce, "Hajiya, waya ma dukiya ce, ki yi haƙuri. Wata nawa ne? Ai layin Yaya ba ya mutuwa, biyansa ake yi duk wata. Ko ba haka ba?" Ni ya kalla. Ɗakin cike da mutane, Inna da jajayen idanu tana jiran bakina. Me zai hana in ce a'a, na canja shi? Kalma nawa ce? Amma na ji kunyar a ce uban yana kwance 'yar tana tsimin kuɗin wayarsa. Na ce, "Haka ne, Kawu." Aka kashe wayar, aka danna kwaɗo, Kawu ya jefa makullin a aljihu ya hau mota.

Inna ta gama takaba, Kawu bai zo ba. Damina ta shigo ya ce sai an gama noma, aka gama noma ya ce sai hanya ta yi kyau. Da ya tashi zuwa an kusa shekara. A wurin rabo Inna ta ce ita ba ruwanta da komai, a saka mata wayar a cikin kasonta. Aka ba ni in kunna mata. Na yi caji, na kunna, babu sabis. Na cire sim na goge da bakin zani na mayar, babu. Na ce mata batir ne ya yi sanyi, gobe zan kai gyara. Washegari a ofis suka duba suka ce lambar ta koma hannunsu tuntuni, har an sayar wa wani. Na tsaya ina kallon bakin mutumin yana motsi. Ban yi kuka ba, ban yi faɗa ba. Na fito na sayi sabon sim a bakin titi, na zura a wayar Baba, na kai wa Inna na ce an gyara.

Yau shekara ɗaya da wani abu Inna tana kwana tana tashi da wannan waya. Ba ta karatu, lamba duk ɗaya ce a wurinta. Da asuba bayan salla za ta jona ta a caji, in babu wuta ta aika da ita shagon mai janareta. Ta ɗinka mata 'yar jaka da ragowar atamfa. In za ta shiga wanka sai ta ɗora ta a kan taga ta bar ƙofa a ɗan buɗe. Waya ce da duk duniya ni kaɗai na san lambarta. Wani lokaci takan ce, "Uwata, ɗan kira mu ji ko tana shiga." Sai in kira sabuwar lambar, wayar ta yi ƙara, ta yi murmushi ta ce, "Alhamdulillahi, da ranta." Mijina ne ke riƙe da shagon yanzu, masu sari lambarsa suke kira, shi ma bai san komai ba.

Duk wannan lokacin ban taɓa iya buga tsohuwar lambar ba. Watan jiya, ina tsinke alayyafo da rana tsaka, haka kawai na ga yatsana yana danna ta. Mace ce ta ɗauka, ana ta hayaniyar motoci a bayanta. Na juya harshe zuwa Ibo, tunda da shi na tashi. Ta ce a Abakpa Nike take a Inugu, abinci take sayar wa direbobi a tasha. Ina cewa lambar ta mahaifina ce a da, sai ta katse ni: "Au, ku ne Hausawan? Akwai wani mutum da ya dame ni kwanakin baya, lokacin Sallarku ta rago." Ta ce sau uku ya kira. Na farko ya yi ta magana da Hausa a hankali, ba ta gane ba, ta kashe. Na biyu ma haka. Na uku sai ya yi mata Turancin kasuwa, ya ce, "Abeg, give Baba phone. Tell am say na Habu." Ta ce masa nan babu wani Baba, layinta ne, da kuɗinta ta saya. Sai ya ce, "Ashe ya canja lamba." Ya yi mata godiya, ya ba ta haƙurin damunta da ya yi, bai sake kira ba.

Kun ji. Shekara bakwai Baba yana gadin lambar nan, ranar da ɗansa ya sauko ya kira, abin da ya fahimta shi ne an rufe masa ƙofa. Bai ma san Baba ya rasu ba. Na roƙi matar ta lalubo min lambar da aka kira ta da ita, Allah ya saka mata, ta samo. Na buga, wani ɗan okada ne a Diobu. Ya ce wani Bahaushe ne ya ari wayarsa a bakin masallaci, bai san shi ba, bai sake ganinsa ba. Na ce wa matar ta sayar min da layin ko nawa ne, ta ce masu cin abincinta da bankinta duk a kansa suke, ba za ta iya ba, amma in ya sake kira za ta ba shi lambata. Wa zai sake kiran lambar da aka ce masa babu Baba?

Abin da ke ba ni tsoro shi ne ba na jin komai. Na ajiye wayar na ƙarasa tsinke alayyafona, na yi miya, na ci. Ina salla, ina kai yara makaranta, ana ba da labari in yi dariya. Ina jira abin ya fashe min a ƙirji, ya ƙi. Ko zuciyata ce ta bushe? In na gaya wa Inna cewa Habu yana raye har ya kira, na san za ta yi sujada don murna, sannan ta ɗago ta tambaye ni me ya sa wayarta ba ta yi ƙara ba. Tana da hawan jini, ni kaɗai ce na rage mata a gabanta. In kuma na yi shiru, na bar uwa tana yi wa wayar banza caji, ɗanta yana can yana zaton an yafe shi.

Abin da ya sa na rubuto yau, jiya Inna ta bi ta kasuwa ta ga fentin ƙofar shago ya koɗe, lambar ba ta fita sosai. Ta dawo ta kama hannuna ta ce, "Uwata, ki samo mai fenti kafin Juma'a ya sake rubuta ta da manyan baƙi. Kada yaron nan ya aiko wani ya duba, ya kasa karantawa." Na ce to. Mai fentin zai zo jibi da safe, ya ce in rubuto masa lambar a takarda. Ga takardar a gabana, ga biro, ban san wacce zan rubuta ba.

Don girman Allah, me zan yi?